Kurakuran da muke yawan yi in za mu yi tafiya da keken guragu mai batir

Duk wanda yake yawo a kan keke mai batir ya san abun nan ba kaya bane, ƙafafunka ne. Matsalar ita ce mutanen da za su ɗauke shi su loda a jirgi ko a mota su a wajensu kaya ne kawai kamar akwati, kuma yawancinsu basu taɓa ganin irin naka ba. Yawancin wahalar da na gani, da wadda na sha da kaina, daga nan take tasowa, wato mu ɗauka cewa ai sun sani. Wallahi basu sani ba, sai abun da ka faɗa musu, kuma ka rubuta.

Bari in fara da batir don shi ne yafi hana mutane hawa jirgi. Mutum zai zo kanta a filin jirgi a tambaye shi wane irin batir ne a kekenka yace shi dai ya san yana caji yana tafiya. To nan take magana ta tsaya. Batir iri uku ne ake kallo: akwai mai ruwa wanda zai iya zuba in an kifar da shi, akwai wanda yake a toshe baya zuba irin su jel da AGM, sai kuma na litiyam wanda yawancin kekunan zamani masu naɗewa suke da shi. Kowanne da ƙa'idarsa. Mai ruwa dole keken ya tsaya a miƙe duk tafiyar, in ba zai yiwu ba sai an cire batirin an sa shi a wani akwati mai ƙarfi na musamman, wasu kamfanonin ma basa karɓarsa sam. Na jel shi ne mai sauƙi, galibi a jikin keken ake barinsa in dai an kashe wutar. Na litiyam kuwa shi ne ake tsoro saboda in ya kama wuta kashe shi aiki ne, shi yasa ake tambayar ƙarfinsa.

Ƙarfin nan da Wh ake auna shi, kuma lissafin ba wuya, ka duba jikin batirin zaka ga lamba mai V da lamba mai Ah, sai ka ninka su. Batir mai 24V da 12Ah ya zama 288Wh kenan. Mai 24V da 20Ah kuma 480Wh. Me yasa wannan yake da muhimmanci? A ƙa'idar IATA, wato ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, in batirin litiyam irin wanda ake cirewa ne daga keken to kada ya wuce 300Wh, kuma tare da kai zai shiga cikin jirgi ba wajen kaya ba. In kana son riƙe wani batirin na ajiya, ko dai guda ɗaya da bai wuce 300Wh ba, ko guda biyu kowanne bai wuce 160Wh ba. In kuma batirin a kulle yake a jikin keken yadda ƙirar keken ta kare shi sosai, ana iya barinsa a ciki ko da ya fi haka girma. Ka ga kenan wanda ya sayi babban batir mai cirewa don ya daɗe bai yi caji ba zai iya zuwa ya tarar batirin nan ba zai hau jirgi ba, kuma ba wani roƙo da zai yi aiki. Sannan kowane kamfani yana da ikon ya ƙara tsanantawa a kan wannan, saboda haka na kamfanin da zaka hau shi zaka nema ka karanta.

Wani ƙaramin abu da yake jawo babbar rigima, takardar da ke manne a jikin batir ta goge ko ta ɓare. In ma'aikaci bai iya karanta lambar da idonsa ba yana da hujjar ƙin karɓa. Ka ɗauki hoton takardar tun tana sabuwa, ka riƙe littafin keken ko shafin da ya yi bayanin batir, a waya da kuma a takarda don waya tana iya mutuwa. In ka cire batirin ka liƙe bakinsa da salatef ka sa shi a jakarsa shi kaɗai, kar ka haɗa shi da makulli ko sulalla ko wani ƙarfe da zai taɓa bakin.

Sai maganar sanarwa. Da yawa muna yanka tikiti a intanet mu danna wajen da aka ce kana buƙatar taimako shikenan mu ɗauka an gama. Wannan dannawar sau da yawa abun da take nufi kawai a tura ka da keken filin jirgi, bata gaya musu cewa kana zuwa da keke mai kilo ɗari da wani abu ba. A Tarayyar Turai doka mai lamba 1107/2006 tace ka sanar awa 48 kafin tashi, kuma za a ɗaukar maka kayan taimakon tafiya har guda biyu kyauta. A Amurka dokar da ta hana kamfanin jirgi nuna wa mai nakasa bambanci tun 1986 take, amma ita ma ta ba su dama su nemi sanarwar awa 48 in jirgin ƙarami ne mai kujeru ƙasa da 60. Ni shawarata kar ma ka jira awa 48 ɗin, ranar da ka yanki tikiti ranar ka kira, ka basu tsawo da faɗi da tsayin keken da nauyinsa da irin batirin, sannan kace su turo maka amincewarsu ta imel. Maganar baki a waya bata da shaida. Akwai lambobin da suke sawa a bayanan tikitinka, WCHC na wanda baya iya takawa ko kaɗan sai an kai shi har kujera, WCHS na wanda baya iya hawa bene, WCHR na wanda nisa ne kawai yake bashi wahala, WCLB kuma na keke mai batirin litiyam. Ka tambaya wanne aka sa maka, don in aka sa WCHR alhali kai WCHC ne zaka iso bakin jirgi babu mai ɗaga ka kuma babu siririn keken nan da ake bi da shi tsakanin kujeru.

Tsayin keke kuma mutane basa tunaninsa sam. Ƙofar da ake loda kaya a Boeing 737 tsayinta bai kai santimita 90 ba, ta Airbus A320 ta ɗara mita ɗaya. In bayan kekenka baya kwantawa ko baya cirewa kuma ya fi ƙofar tsayi, abun da masu lodi za su yi shi ne su kwantar da shi a gefe su tura, kuma a nan ne hannu yake lanƙwashewa, inji ya tsage, wayoyi su tsinke. Ka tambayi wane irin jirgi ne kafin ka biya, musamman in akwai canjin jirgi a hanya don na biyun yakan zama ƙarami. Kuma ka ba kanka lokaci a wajen canjin, mu ne farkon shiga mu ne ƙarshen fita, awa ɗaya tsakanin jirgi biyu bata isar mu.

Akwai tafiyar da har yau in na tuna raina yana ɓaci, na miƙa kekena ban cire sandar tuƙi ba, kuma ban nuna wa kowa yadda ake sa shi a firi ba, wato sakin birki yadda za a iya tura shi da hannu. Da suka kasa tura shi sai suka ja shi da ƙarfi birki na kame, da na sauka na tarar sandar ta karye tayar gefe ɗaya kuma tana ƙara. Kwana huɗu na yi a ɗaki a garin da ban san kowa ba. Tun daga nan duk abun da yake cirewa cire shi nake in shiga da shi: sandar tuƙi, kushin, matashin kai, wajen ɗora ƙafa, caja. Sannan ina rubuta takarda da manyan baƙi in sa a leda in ɗaure a bayan keken, ga inda ake sa firi, ga inda ake kamawa a ɗaga, kar a kwantar, nauyinsa kaza, ga lambar wayata. In ƙasar da zan je wani yare suke yi sai in sa a fassara min ita, in ƙara da zane da kibiya. Wajen da ya dace a kama kuma nakan naɗa masa salatef mai launi don ido ya kai nan da wuri.

Kushin ɗin nan fa kar ka yarda ya tafi da keken. Ka ɗora shi a kujerar jirgi ka zauna a kai, don zaman awa shida ko takwas a kujerar da ba taka ba ya isa ya buɗe wa mutum gyambo wanda zai yi watanni yana jinya. In mai iska ne zaka ji ya ƙara tauri in jirgi ya yi sama, sai ka ɗan rage iskar, in an sauka ka mayar.

Kar kuma ka miƙa keken tun a kanta in ba dole ba. Kace zaka tafi da abunka har bakin jirgi, a sa masa alamar cewa a dawo maka da shi bakin jirgi in an sauka. Kafin ka rabu da shi ka ɗauki bidiyo ka zagaya shi, ka kunna shi a nuna yana aiki. Wannan ba zargi bane, a Amurka kaɗai hukumar sufuri ta ƙirga kekuna da sikuta sama da 11,000 da jirage suka lalata ko suka ɓatar ko suka jinkirta a shekarar 2023.

In an kawo maka shi kar ka hau ka wuce don gajiya. Na san a lokacin mutum ba abun da yake so sai ya isa masauki, amma ka tsaya ka kunna, ka gwada gaba da baya, ka gwada kwantar da kujera in tana yi, ka duba taya. In akwai matsala a nan take zaka sa a cika fom ɗin lalacewar kaya kafin ka fita, ka karɓi kwafi da lamba. A yarjejeniyar Montreal ta 1999 wadda yawancin tafiye-tafiyen ƙasa da ƙasa suke ƙarƙashinta kwana 7 ne kacal kake da su ka shigar da ƙorafi a rubuce, kuma diyyar kaya tana da iyaka, yanzu SDR 1,519 ne, wato ma'aunin kuɗi na Asusun Ba da Lamuni na Duniya, kusan dala dubu biyu, alhali keke mai kyau ya ninka haka sau da yawa. Shi yasa ya kamata tun a kanta ka tambayi yadda ake bayyana ainihin darajar keken a rubuce, ka kuma duba ko inshorar tafiyarka ta haɗa da shi don da yawa basa haɗawa. A tafiyar cikin gida ta Amurka wannan iyakar bata aiki a kan keken guragu, kuɗin da aka saye shi ake kallo, don haka rasit ɗinka ka adana shi.

Caja ma tana ba mutane mamaki. Amurka wutar 120V suke amfani da ita, Turai 230V, Japan 100V. Ka juya cajarka ka karanta, in an rubuta 100–240V to adafta kawai kake buƙata, in kuma lamba ɗaya ce wadda ba ta dace da wutar ƙasar ba adafta ba zata cece ka ba don ita bakin soket kawai take canzawa bata taɓa ƙarfin wutar, ko dai cajar ta ƙone ko ta ƙi yin caji. Kuma kar ka yarda da nisan da kamfani ya rubuta batirin yana kaiwa, a shimfiɗaɗɗiyar hanya aka gwada. Sanyi mai tsanani, hawan tudu, yashi, kafet mai kauri, duk suna shanye caji, ni rabin abun da aka rubuta nake sawa a lissafina in ina baƙon wuri.

Jirgin ƙasa da bas sun fi sauƙi amma suma da awonsu. A Birtaniya da yawancin Turai wajen keke a jirgin ƙasa an yi shi ne don faɗin santimita 70 da tsawon 120, babbar sikuta bata shiga, wasu kamfanonin ma sai ka nemi izini tukuna. A mota kuma in zaka zauna a kan kekenka dole a ɗaure shi ta wuri huɗu a jikin ƙarfen ƙasa, ba a taya ko hannu ba, kai ma da naka bel daban wanda yake manne da motar, don bel ɗin keke na gyara zama ne ba na haɗari ba. Mai sikuta shi gara ma ya sauka ya koma kujerar mota, ba a ƙera ta don a zauna a kai mota na gudu ba.

Masauki kuma kar kalmar "ɗakin masu buƙata ta musamman" ta ishe ka, kowa da abun da yake nufi da ita. Ka ce a auna maka faɗin ƙofar ɗaki da ta banɗaki, a turo hoto, ka tambayi tsayin gado, ko akwai matakala ko guda ɗaya ce a bakin shiga, ko lif yana aiki kuma keken zai shiga, sannan ko akwai soket kusa da gado yadda zaka jona caji da dare keken yana inda hannunka zai kai. A jakar hannu kuma ka sa sifana da sukudireba daidai da notin kekenka in masu bincike sun yarda da girmansu, in basu yarda ba ka sa a akwati, da fis na ajiya, da tib in tayarka mai iska ce, da leda da zaka rufe sandar tuƙi in ruwa ya sauko, da lambar wani mai gyaran irin kekenka a garin da zaka je wadda ka nemo tun kana gida.