Yadda ake kwatanta sautin SACD da DVD-Audio da Blu-ray a gida

Fayafayan kiɗa masu sautin kewaye, wato waɗanda ake ji ta lasifika biyar da wata ta shida mai fitar da ƙara mai kauri, iri uku ne aka fi samu. SACD, wanda Sony da Philips suka fitar a 1999, yana aiki da tsarin adana sauti da ake kira DSD. DVD-Audio ya biyo baya a 2000, yana ɗaukar PCM, wato tsarin adana sauti irin na CD, amma da inganci mafi girma har 24-bit/96kHz a tashoshi shida. Sai Blu-ray mai tsarin sauti na Dolby TrueHD ko DTS-HD Master Audio, waɗanda ba sa zubar da komai daga ainihin sautin.

Abu na farko shi ne ka tabbatar da abin da na'urarka take karantawa, domin a nan mutane da yawa suke ruɗuwa. Yawancin fayafayan SACD suna da shimfiɗa biyu, ta SACD da ta CD, kuma na'ura ta gama-gari shimfiɗar CD kawai za ta kunna maka, mai tashoshi biyu. Haka DVD-Audio yakan ɗauki Dolby Digital da aka matse saboda injinan DVD na gida, sai mutum ya yi ta yabon abin da bai ji ba. Wayar haske (optical) ba ta iya ɗaukar cikakken sautin waɗannan fayafayai a tashoshi shida, saboda haka ka haɗa da HDMI ko wayoyi shida na analog, sannan ka duba abin da fuskar amfilifaya ta rubuta.

Bayan haka ka daidaita ƙarfin ƙara da na'urar awo ko manhajar waya, domin kunne yakan zaɓi wanda ya fi ƙara ko da bambancin ɗan kaɗan ne. Ka nemi kundin waƙoƙi guda da aka haɗa sautinsa iri ɗaya a fayafayan da za ka kwatanta. A ganina, hannun wanda ya haɗa sautin ya fi tasiri nesa ba kusa ba a kan nau'in faifan.

A Katsina lokacin sauraro yana da muhimmanci. Bayan isha'i, in akwai wutar NEPA, ka kashe fanka, domin ƙarar fanka ko ta janareta tana cinye duk wani ɗan bambanci. Ɗaki mai tayil yana amsa amo, sai a shimfiɗa kafet a ja labule, a goge ƙurar hunturu daga faifan da kyalle mai laushi. Sa wani ya riƙa sauya fayafayan ba tare da ka gani ba, ka saurari minti ɗaya na wuri guda sau da yawa, kana rubuta wanda ka zaɓa kafin a faɗa maka sunansa.