Murfin magani mai gardama: yadda dattijo zai buɗe shi ba sai ya kira jika ba

A shagona na kemis, a wani ƙauye tsakanin Ringim da Taura, akwai ƙorafin da kusan dattawa kaɗai ke kawowa. Sai a miƙo mini kwalba a ce, "Ɗan nan, wannan murfin naku ya lalace, sai juyawa yake yana ƙas-ƙas, ya ƙi fita." Murfin kuwa lafiyarsa ƙalau, da gangan aka yi shi haka domin kada yaro ya buɗe. Sai dai hannun da ya tsufa a kan fartanya ko taɓarya, ga sanyin ƙashi ya kama yatsu, shi ma murfin ba ya raga masa.

Abin da ke biyo baya ne ya fi damuna. Tsohuwar da ta sha wuya sau ɗaya ba ta ƙara rufewa da kyau, ɗora murfin kawai take yi. Wata ta juye ƙwayoyin a leda ta ƙulle a haɓar zani, wata ta zuba su cikin kwanon goro. Wata kuma ta ƙwala wa jikanta ɗan shekara biyar kira, "Maigida, zo ka buɗe mini," da bakinta ta koya masa abin da aka ƙera murfin don kada ya iya. Ku da kuke saya wa iyaye magani daga Kano ko Dutse ku aiko a mota, da ku nake, domin yawancin kwalaben nan ta hannunku suke shigowa, sai kuma tsarabar alhazai. Namu na nan galibi a kati yake zuwa ko a ambulan.

Likitan yara ne ya tsaya tsayin daka har aka samar da murfin, Dakta Henri Breault na garin Windsor a ƙasar Kanada, bayan ya gaji da wanke cikin yaran da suka sha maganin iyayensu. A 1967 aka fito da wanda sai an danna da tafin hannu kafin a juya, Amurka kuma ta kafa dokarsa a 1970. Kafin a amince da murfi a can, yara masu wata 42 zuwa 51 ake bai wa shi. Dole kashi 85 cikin 100 su kasa buɗewa a minti 5, idan an nuna musu yadda ake yi kuma, kashi 80 su ci gaba da kasawa. A 1995 aka gyara dokar aka ce a riƙa gwada shi a hannun masu shekara 50 zuwa 70, kuma kashi 90 cikin 100 su iya buɗewa. Ka duba lissafin da kyau. Murfin da ya ci jarrabawa, akwai yaran da suka buɗe shi, akwai kuma manyan da ya gagara, alhali ba a saka wanda naƙasarsa ta fito fili cikin masu gwajin. Saboda haka idan ya gagari Baba, ba abin kunya ba ne, kuma kada ka ɗauka yaron gidanku ba zai iya da shi ba idan aka bar shi da kwalbar tsawon hantsi.

Mai dannawa a juya shi ne ya fi yawa, kuma murfi biyu ne, ɗaya cikin ɗaya. Na cikin ne ke riƙe da bakin kwalba, na wajen yawo kawai yake a kansa. Idan ka juya ba ka danna ba, ya zama kamar murza fedar keke da baya: ƙara za ka ji, taya ba ta motsi. Sai an danna haƙoran na wajen suke shiga na cikin su ja shi. Inda dattawa ke kuskure, suna riƙe kwalbar a sama da hannun hagu, su kama murfin da yatsun dama, su nemi dannawa da juyawa duk da ƙarfin yatsu, ga shi yatsun ne ba su da lafiya.

Ga yadda nake koya musu. A ajiye kwalbar a wuri mai tauri da bai kai ƙugu ba: benci, dandamali, turmi a kife, ko daɓen ɗaki. Ban da katifa, ban da cinya, domin danni nutsewa yake a ciki. Hannu ɗaya ya riƙe kwalbar. Ɗayan a buɗe shi, a ɗora tudun tafin, wajen da yake haɗuwa da wuyan hannu, a saman murfin. A miƙe gwiwar hannu, a sunkuyo, nauyin jiki ya sauka a kai, sannan a karkata hannun zuwa hagu, wajen da ake kwance murfin jarka. Kada a ɗaga sai an ji ya saki. Daga nan danni kaɗan ya isa a ƙarasa.

Idan santsi yake, a samo tsohon tiyub na keke ko babur, a yanko guntu biyu kamar faɗin tafin hannu, a wanke da sabulu. Ɗaya a ƙarƙashin kwalba, ɗaya a saman murfi. Duk na'urorin buɗe murfi da ake talla, ban ga wanda ya fi wannan amfani ga mutanenmu ba, kuma mai faci kyauta zai ba ka. Robar ɗaure kuɗi uku ko huɗu a naɗe a jikin murfin ita ma tana taimakawa. Da hunturu ƙorafin ke ƙaruwa, saboda hannu ya bushe an laftar masa da basilin. A goge tafin da tsumma tukuna. Wanda ɓarin jikinsa ya shanye, hannu ɗaya gare shi, sai ya kife kwalbar a kan robar, murfi a ƙasa, ya danna gindinta ya murza. Da ya ji ta saki ya tsaya, ya miƙar da ita kafin ya ƙarasa cirewa. Wannan na maganin ƙwaya ne kawai, na ruwa zubewa zai yi.

Rabin wahalar kuma a wajen rufewa ake shuka ta. Saurayi mai ji da ƙarfi ya zo gaisuwa, ya ba Inna magani, ya ɗaure murfin tamau, gobe ko ni sai na yi nishi. Iya yadda aka ƙulle shi, iya dannin da zai nema. A juya har ya tsaya, a ɗan ƙara kaɗan, shi ke nan. Sannan a gwada juya shi baya ba tare da danni ba. Idan ya yi ƙas-ƙas bai kwance ba, ya kulle.

Akwai wanda matse shi ake yi. Yana da wurare biyu masu zane-zane a gefe suna kallon juna, nan ake matsawa a juya, matsa wani wurin ɓata ƙarfi ne. Ya fi wancan cutar da mai ciwon yatsu. A zauna a ƙasa, a danne kwalbar tsakanin tafin ƙafa biyu, a matse murfin da tudun tafin hannu biyu, ko a naɗe bakin filaya da tsumma a kama a hankali. Mai kibiya biyu kuma, ɗaya a murfi ɗaya a wuyan kwalba, sai sun daidaita ake tura shi sama da babban yatsa. Kibiyoyin launinsu ɗaya da robar, idon tsoho ba ya ganinsu, don haka nakan ɗiga musu jan farce.

Wani lokacin ba laifin murfi ba ne. Maganin ruwa na yara da na tari sukari gare su, idan ya zuba a bakin kwalba ya bushe, manne murfin yake. A tsoma tsumma a ruwan ɗumi, a naɗe murfin minti ɗaya ko biyu. Kada a kanga a wuta, kada a ajiye a rana, zafi na lalata magani. A riƙa goge bakin duk lokacin da aka tsiyaya. Murfin alminiyam mai zobe a ƙasa kuwa yakan yi ta juyawa tare da zobensa. A ajiye kwalbar a ƙasa, a tsinke 'yan ƙananan haɗin da ke tsakaninsu da tsinin wuƙa, bakin wuƙar na kallon waje.

Takardar alminiyam da ke manne a bakin kwalba ba don yara aka yi ta ba. A 1982 ne wani ya zuba guba a maganin ciwon kai mai suna Tylenol a yankin Shikago, mutum bakwai suka mutu, daga nan hatimin ya zama dole a can, ya kuma bazu duniya. A huda ta da ƙotar cokali mai tsabta, a zagaya a cire ta duka. Idan ka sayi sabo ka tarar a ɓalle take, mayar da shi, ko a wajena ka saya. Maganin ɗiga wa ido ma yana ruɗa mutane: wasu bakinsu a toshe yake zuwa, akwai ɗan tsini a cikin murfin, sai an ƙara ɗaure murfin zuwa dama yake huda. Allura ko ƙaya da ake sa masa datti suke kai wa ido, ramin kuma ya yi faɗi maganin ya riƙa kwarara.

Sai kati. Mai rawar hannu ya danna, ƙwaya ta yi tsalle ta shige ƙarƙashin gado, inda mai rarrafe zai tsince ta da yamma. A riƙa ɓallewa a saman kwano ko kofi. Idan takardar bayan ta yi tauri, a fara tsaga ta da farce ta gefen ƙwayar sannan a danna. Haka ƙwaya ba ta farfashewa, kafso ba ya lotsewa. Wasu katin sai an ɓare takarda ta farko daga kusurwa kafin a danna. Abin da nake hanawa shi ne a yanka kati ƙwaya ɗai-ɗai da almakashi wai don sauƙi. Tsoho mai raunin gani yana iya haɗiye ta da robarta, gefen kuwa kaifi gare shi, yana yanka maƙogwaro ko hanji. Ga shi sunan maganin da ranar lalacewarsa sun tafi. Leda irin ta gishiri da sukari na gudawa tana da ɗan tsagi a gefe. Idan babu, almakashi ya fi reza, reza ta fi haƙori.

To idan an yi duk wannan hannun ya ƙi fa? Ana iya ɓanɓare murfin wajen da ƙotar cokali, na cikin ya koma murfi irin na kowace kwalba. Dokar Amurka ma ta yarda majinyaci ya nemi murfi mai sauƙi a wajen mai ba da magani. Amma a can tsoho kan zauna shi kaɗai a gida. A nan ina gidan da babu yaro? Ko ba jika, akwai ɗan maƙwabta da ya shigo kallon akuya, akwai almajiri mai ɗebo ruwa. Don haka ba na cire wa kowa sai na tabbatar akwai akwatin ƙarfe mai kwaɗo, makullin kuma a wuya ko a lalita. Alkuki da saman kwanukan jere ba maɓoya ba ne, yaro turmi zai jawo ya taka. Ƙarƙashin matashi kuwa nan suke fara dubawa, don sun san nan alewa take.

Abin da na fi so shi ne mutum ɗaya a gidan, babba, ya ɗauki nauyin buɗewa, a haɗa lokacin da salla don kada a manta: na safe bayan asuba, na dare bayan isha'i, gwargwadon yadda likita ya rubuta. Inda babu mai zama kullum, akwai 'yar robar nan mai gida bakwai da ake samu a manyan shagunan magani a birni, a cika ta sau ɗaya a mako. Ba ta da kariyar komai, ita ma cikin akwati take kwana. Ba kowane magani ne kuma ke jure fita daga mazubinsa ba. Masu narkewa a ruwa, irin zinc na gudawar yara, danshin damina kaɗai ya ishe su. Na zazzaɓin cizon sauro, har da wanda ma'aikata ke bi gida-gida suna bai wa yara da damina su bar wa uwa na kwana biyu, a bar shi a katinsa sai lokacin sha. Idan ka tarar da ɗan ƙunshi ko 'yar roba a cikin kwalba, danshi take tsotsewa. A bar ta a ciki, a kuma nuna wa tsohon ba ta sha ba ce.

Maganin feshi da na ciyawa da fiya-fiya, babu wata dabarar sauƙaƙawa da na yarda da ita. A buɗe a waje, fuska a gefe, roba ko leda a hannu, ba da haƙori ba, a kuma bar su a robarsu ta asali. Juye su a gorar lemo ko ta ruwa, su da kananzir, shi ne hanyar da yara suka fi sha. Idan ƙaddara ta faɗa yaro ya sha wani abu, a ɗauki yaron da kwalbar a nufi asibiti nan take. Kada a ɗura masa manja ko nono ko ruwan gishiri, kada a sa masa yatsa ya yi amai, domin kananzir huhu yake komawa. Kada kuma a ce ai ga shi yana wasa. Farasitamol da jan maganin ƙarin jini na masu ciki, wanda yara ke ɗauka alewa ce, sukan bar yaro garau da farko, ɓarnar ta fito daga baya.

Duk dattijon da zan bai wa kwalba mai irin wannan murfi, nakan ce, "Baba, buɗe shi a nan in gani kafin ka tafi." Ya buɗe a kan bencin shago, ya rufe, ya sake buɗewa. Idan ya gagara, sai in duba ko akwai irin maganin, mai ƙarfi ɗaya, a kati, in canza masa. Kai da za ka aiko daga birni, ka tambayi wannan tun a inda ka saya, ka kuma kira wanda zai karɓa a waya ka ji irin murfin da hannun Baba yake iyawa.