Yadda za ka gano ƙauye a Indiya kamin ka kama hanya

Ƙanena da ke karatu a Indiya ne abokinsa ya gayyace shi biki ƙauyensu, sai ya turo mini suna tsura a WhatsApp, wai Yaya don Allah duba mini ko da nisa. Rampur. Ina zaune ƙofar gida nan Zengu na latsa waya sai ga Rampur birjik, jiha kaza da tata, kamar mutum ya zo tasha ya ce Sabon Gari za shi, to wanne? Ƙasar da ke da ƙauye sama da 600,000 ai suna kaɗai ba ya kai ka ko'ina.

To farko ka sa a ba ka adireshi cikakke: jiha, gunduma, sai tahsil (wasu jihohin taluka suke cewa, wasu mandal), kusan kamar yadda muke cewa jihar Damagaram, Mirya, komin kaza. In ka samu lambar gidan waya ta wurin, PIN, mai alƙaluma 6, to ka huta, ita ke raba gardama.

Sai yawan jama'a. Alƙaluman da za ka gani kusan duk na ƙidayar 2011 ne, wadda aka shirya yi a 2021 korona ta sa aka ɗage, don haka in ka ga mutum 2,000 ka san jariran wancan lokacin yanzu samari ne, ka ƙara a ranka. Kuma kar waƙafinsu ya rikita ka, 1,00,000 ba kuskure ba ne, lak ɗaya kenan, dubu ɗari. Me ya sa ma za ka damu da yawan mutane? Saboda shi ke nuna maka hanya. Tun 2000 gwamnatinsu ta ɗauko shirin kai hanya mai jure damana duk ƙauyen da ya kai mutum 500, a yankin duwatsu 250, kenan ɗan ƙauyen da bai kai haka ba sai ka ƙara bincike.

Kowace gunduma na da littafin ƙidayarta a intanet, ciki an jera ƙauye ɗaya bayan ɗaya, da makaranta da asibiti da ko bas na zuwa, in babu a rubuta nisan: ƙasa da kilomita 5, 5 zuwa 10, ko sama da 10. Kalma biyu za ka riƙe, pucca ita ce kwalta, kutcha kuma hanyar ƙasa, wadda daga Yuni zuwa Satumba in ruwansu ya sauka takan zama kaca-kaca, sunan ma ya dace wallahi.

Jirgin ƙasa kuwa, mu da ba mu da shi a Damagaram nan ne ake yi mana shigo-shigo. In ka ga sunan tasha ya ƙare da Road to yawanci garin ba nan yake ba, Abu Road ga misali tana da kilomita kusan 27 daga garin Mount Abu. Tikiti ta IRCTC ake saye, wato shafin intanet na sayar da tikitin jirgin ƙasansu, ka saya da wuri don cika yake yi. Daga tasha sai bas ɗin gwamnatin jiha zuwa garin kasuwa mafi kusa, daga nan adaidaita irin tamu sak, a cusa ku kamar motar ranar kasuwa.

Wannan guntun na ƙarshe babu taswirar da za ta faɗa maka gaskiyarsa. Na ce wa yaron ya tambayi abokin ƙarfe nawa bas ɗin ƙarshe ke tashi, kuma ya karɓi lambar wani ɗan gidan mai babur, sannan ya zaɓi jirgin da ke isa da safe ko da ya fi tsada.