Kafin ka sayi Maltipoo, ga abin da riƙonsa yake buƙata

Tun da na fara fita da ɗan karen nan nawa da yamma mutane ke tsayar da ni a hanya, wai wane iri ne wannan mai gashi kamar auduga, nawa ake sayarwa, yana cizo? To bari in zauna in rubuta abin da na sani, don wallahi da yawan masu saye hoto kawai suka gani a Instagram, bayan wata uku kuma sai ka tarar da dabbar Allah an ɗaure a bayan gida, gashi ya cukurkuɗe ido duk kwantsa, abin yana taɓa min zuciya sosai.

Maltipoo ruwa biyu ne. Ana haɗa Maltese, wannan farin ɗan karen da sunansa ya fito daga tsibirin Malta, da ƙaramin Poodle mai nannaɗaɗɗen gashi. A Amurka haɗin ya yi tashe, amma har yau babbar ƙungiyar rajistar karnuka ta can, wato AKC, ba ta lissafa shi a jinsi mai zaman kansa ba. Da yake ruwa biyu ne babu tabbas a kamanninsa, ciki ɗaya ne amma wani ya ɗauko gashi mai santsi wani mai murɗe, wani ya tsaya a kilo 3 wani ya kai 8 ko 9. Yakan wuce shekara 10 a duniya, wasu har 15, ka ga ba abin wata biyu ba ne. Shi kansa Wally Conron, mutumin Ostareliya da ya yi irin wannan haɗin tsakanin karen Labrador da Poodle a 1989 saboda wata makauniya da mijinta ke da alajin kare (wato jikinsa ba ya jituwa da kare), daga baya ya fito ya ce ya yi nadama, don masu neman kuɗi sun shigo suna ta barbara ba tare da duba lafiyar iyayen ba. Kuma in an ce maka wai Maltipoo ba ya tayar da alaji kar ka yarda ido rufe, gashinsa dai bai cika zuba ba, amma abin da ke tayar da alajin yana cikin yawu da ɓawon fata.

Abu na farko da za ka yanke tun kafin maganar kuɗi, wannan ba karen gadi ba ne kuma ba zai iya zaman tsakar gida rana da raɓa ba. Maganar tsarki da zama da kare kowa ya tambayi malaminsa, amma in ka san gidanku ba za a bar shi ya shiga inuwar ɗaki ba, don Allah ka haƙura da shi tun yanzu.

In ka je saye ka ce sai ka ga uwar da idonka, ka ga inda suke kwana, ka karɓi katin rigakafi mai sa hannun likitan dabbobi. Kar ka ɗauki kwikwiyon da bai cika sati 8 ba ko da an rage maka kuɗi. Masu tallar wai ga ɗan mitsitsi da zai shiga kofin shayi su ne na fi jin tsoro, sau da yawa irin waɗannan su suka fi laulayi. Ni nawa wanda ya sayar min ya rantse ya kai sati 9, likita na duba haƙoransa ya ce bai kai ba. A kwana na huɗu da asuba na same shi kwance yana rawar jiki, ƙafa ta ƙi ɗaukarsa, ashe sukarin jininsa ne ya faɗi don bai ci na dare ba. Na lakato zuma a yatsa na shafa masa a dasashi kamar yadda likitan ya ce min a waya, bayan 'yan mintoci ya ɗago kai, na naɗe shi a tawul muka wuce asibiti. To ƙananan nan haka suke, cikinsu ɗan tsito ne, sai an ba su abinci kaɗan-kaɗan sau 3 ko 4 a rana har su kai wata 6, daga nan a koma safe da yamma.

Rigakafi kuwa ana fara allurar haɗin nan mai kare su daga cutar parvo da sauransu a sati 6 zuwa 8, a maimaita duk bayan sati 3 ko 4 har ya kai wajen sati 16, ta haukan kare kuma daga wata 3, sannan a riƙa sabuntawa yadda likita ya rubuta. Kafin ya gama allurai kar ka bari ya taka inda karnukan unguwa ke yawo, parvo amai ne da zawo da jini kuma yana kashe kwikwiyo cikin kwanaki. Maganin tsutsar ciki da na kaska da ƙuma ma likita zai auna da nauyinsa, kar ka sayo na shanu a kasuwa ka ɗiga masa.

Yanzu ga inda aikin yake, gashi. Gashin Maltipoo girma yake ta yi kamar na mutum, wanda ya tsinke kuma ba ya faɗuwa ƙasa sai ya maƙale cikin ɗan uwansa ya dunƙule. Kullum sai an taje. Ka samu buroshi mai siraran haƙora da matajin ƙarfe, ka ɗan fesa ruwa, ka riƙa buɗe gashin layi-layi kamar mai tsagar kitso kana tajewa tun daga fata zuwa sama, don yawancin mutane saman kawai suke shafawa ya yi kyau a ido alhali ƙasan ya zama tabarma. Bayan kunne, hammata, ƙarƙashin wuya da cinyoyi, nan ne yake fara haɗewa. In ka ci karo da ƙulli ka riƙe gindinsa da yatsu biyu don kar ya ja fata, ka warware daga baki a hankali. Kar ka sa almakashi a ƙullin da ya manne da fata, fatarsu siririya ce za ka yanke shi ba ka sani ba. Kuma kar ka yi masa wanka gashi na a ƙulle, ruwa ƙara ɗaure shi yake. A taje tukuna, a wanke da shamfu na karnuka kamar sau ɗaya a sati 3 ko 4, a busar da shi sarai, aski kuma duk sati 6 zuwa 8 tare da yanke farce.

Wannan jan tabon da ke bin ƙasan ido hawaye ne yake bushewa a gashi, lokacin hunturu da ƙura ya fi yawa, sai a riƙa gogewa da auduga da ruwan ɗumi kowace safiya a kuma rage gashin da ke tsokanar idon. Kunnensa a rufe yake yana tara danshi, in ka ji wari ko ka ga yana ta kaɗa kai to a kai shi a duba. Haƙora kuma kar a yi wasa da su, haƙori 42 ne cunkushe a ɗan bakin nan, datti na taruwa da wuri. A goge da man goge bakin karnuka, namu na mutane yana cutar da su.

Abincin gidanmu fa yawancinsa bai dace da shi ba, saboda albasa da tafarnuwa suna lalata musu jini, ka ga miya da tsire da kilishi duk sun fita. Haka cakulan, inabi da zabibi, cingam mai sinadarin zaƙin nan xylitol, da dafaffen ƙashin kaza mai tsagewa a ciki. Goro ma a ɗauke shi daga inda zai kai, abin da ke cikinsa mai hana barci guba ne ga kare ɗan kilo 4.

Zafin watan Maris zuwa Mayu yana wahalar da su ƙwarai, kare ba ya gumi irin namu, da haki yake sanyaya jiki. Fita sai da sassafe ko bayan la'asar sakaliya, minti 20 zuwa 30 ya isa, ka ɗora bayan hannunka a kwalta in ba za ka iya jurewa ba to shi ma tafinsa zai ƙone. Kar a bar shi a mota a rufe ko na minti biyar. Igiya kuma a sa masa ta ƙirji, ta wuya tana danne maƙogwaro har ya riƙa tari kamar agwagwa. Yara ma a hana su sako shi daga hannu ko barinsa yana dirowa daga gado, ƙoƙon gwiwar irin karnukan nan yana yawan gocewa, in ka ga yana tafiya yana ɗage ƙafar baya ɗaya to alamar ke nan.

Yana da kaifin kai, in kana fitar da shi wuri ɗaya duk bayan cin abinci da tashi daga barci, ya yi kuma ka yaba masa ka ba shi ɗan abin tauna, zai gane wurin bahayarsa, duka kuwa tsoro kawai yake sa masa. Abin da ba ya iya jurewa shi ne kaɗaici, sai ya yi ta haushi yana cin takalmi, don haka tun yana ƙarami ka saba masa da zama shi kaɗai na minti 10, sai 30, a hankali har awa biyu ko uku. In tafiya ta kama ka kuma, kar ka miƙa shi da buhun abinci kawai. Ni na taɓa barin nawa sati biyu wurin wani, na dawo gashin ya manne da fata har da ƙuraje a ƙasa, dole aka yi masa ƙwal-kwabo. Yanzu kafin in tafi sai na zaunar da mai riƙon na miƙa masa matajin ya taje a gabana, na nuna masa bayan kunne da hammata, sannan in bar masa lambar likita.