Yadda za a rage jan ruwan tafki a tashar lantarki

Duk tashar da ke juya injinta da tururi, ta kwal ce, ta gas ko ta nukiliya, dole a sanyaya ta. A hasumiyar sanyayawa, inda ake huce ruwan da aka jawo daga tafki, wani ɓangaren ruwan ke tashi sama ya bi iska, ba ya komowa tafki. Na daɗe ina kula da irin wannan ruwa, ga yadda nake bi.

Ka fara da awo. Gwada gishirin da ke cikin ruwan hasumiya, ka raba da na sabon ruwan da kake zubawa. Abin da ya fito shi ke nuna ninki nawa gishirin ya yi. Idan 3 ne, duk lita 100 da ta ƙafe sai ka jawo lita 150 daga tafki, domin kana zubar da 50 don kada gishiri ya taru. Ka kai shi 6, lita 120 ta ishe ka. Daga nan ribar raguwa take yi, a 10 ma kusan 111 ce, don haka ba na wahalar da kaina fiye da kima.

Amma gishirin ba ya yafiya. Na taɓa yin gaggawar ɗaga adadin ban tausasa ruwan ba, wato ban rage masa kalsiyam da magniziyam ba. Da muka buɗe bututu, farin ɓawo ya manne ciki, sai da ƙarfe muka kankare shi. Tun daga ranar nake fara zuba farar ƙasa, kalsiyam da magniziyam su kwanta, a tace, sannan kilorin saboda gansakuka da ƙwayoyin cuta.

In akwai birni kusa, nemi ruwan kwatarsa da aka tace, ka bar wa tafki nasa. Tashar nukiliya ta Palo Verde a hamadar Arizona ta Amurka haka take yi, da ruwan da ke fitowa daga yankin Phoenix. Sai dai ka kula da amoniyar da ke cikinsa, tana cin bututun jan ƙarfe. A cire ta tukuna.

Madatsar ruwa mai samar da lantarki kuwa zancenta daban ne. Can ba tacewa ce ke riƙe ruwa ba, yadda ake buɗe ƙofar ruwa da rufe ta ne ke ɗaga tafki ko ya sauke shi.