Kafin ka biya kuɗin manhaja: yadda ake shirya kwamfuta a Yamai

Kwamfuta ta hannu, wato wadda wani ya riga ya yi amfani da ita, takan zo cike da kaya: Windows, Word, Excel, Photoshop, da wasu manhajoji goma da ba ka nema ba. Mai shago zai ce maka an sa maka komai. Abin tambaya shi ne da wane irin lasisi aka sa su, kuma a cikin shagon ake duba wannan, kafin kuɗi su bar hannunka.

Danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta cmd, ka danna Entrée. A baƙin allon da ya buɗe sai ka rubuta slmgr /dli. In ƙaramar tagar da ta fito ta nuna OEM ko RETAIL, alama ce mai kyau. In kuwa ka ga VOLUME_KMSCLIENT, wannan lasisin manyan ma'aikatu ne, wanda ke mutuwa bayan kwana 180 in ba a sabunta shi ba, kuma a kwamfutar shago galibi kirak ne, wato manhajar satar lasisi, ke sabunta shi a ɓoye. Rubuta slmgr /xpr ka ƙara tabbatarwa: ko dai ya ce maka lasisin na dindindin ne, ko ya ba ka ranar ƙarewarsa.

Illar kirak ba ta tsaya ga lasisi ba. Ba ya shiga sai an kashe maganin birus mai gadin kwamfutar, ma'ana ka buɗe wa baƙon da ba ka sani ba ƙofar ɗaka. Irin waɗannan fayilolin ne ake cusa wa ɓarawon kalmomin sirri, ya kwashe duk abin da ka adana a Chrome, wata safiya ka tarar Facebook ɗinka yana roƙon ƴan uwanka kuɗi. Wasu kuma suna sa injin yin aikin wani a ɓoye, fanka tana gudu alhali ba ka buɗe komai ba. A zafin watan Afrilu, da ma'auni ke wuce 40, wannan kaɗai ya isa ya gajarta kwanan batir.

Sai shekarun injin. Microsoft ya rufe tallafin da ya saba bai wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, rana ɗaya da Office 2016 da 2019. Windows 11 yana neman TPM 2.0 (wata ƴar na'urar tsaro da ke cikin injin), da RAM giga 4, da wurin ajiya giga 64, sannan a injinan Intel yana farawa ne daga zubi na 8. Lambar ce ke faɗa maka: i5-8250U zubi na 8 ne, i5-6300U na 6 ne, ko da a ido kamarsu ɗaya. Bai kamata a sayar maka da su kuɗi ɗaya ba. Wanda ya riga ya mallaki tsohuwa kada ya jefar: Linux Mint, musamman samfurin Xfce, kyauta ne, yana tashi da RAM giga 2, ko da yake da 4 ya fi sakewa. Ana zuba shi a kile mai giga 8 da manhajar Rufus, kuma za ka iya gwada shi daga kilen ba tare da ka goge komai ba.

Ga aikin biro, wato wasiƙa, rahoto, lissafin shago, kundin kammala karatu, LibreOffice ya wadatar da yawancin mutane. Writer ne a madadin Word, Calc a madadin Excel, Impress a madadin PowerPoint. Kyauta ne, ba na gwaji ba, ba ya buƙatar intanet bayan an sa shi, kuma akwai shi da Faransanci. Daga libreoffice.org kaɗai za ka ɗauko shi; nauyinsa wajen mega 350 ne.

Abu biyu za ka gyara a ranar farko, kuma rashin gyara su ne ke sa mutane su ce manhajar ba ta da kyau. Na ɗaya, shi a tsarin odt yake adana rubutu, alhali malaminka ko mai buga takardu docx yake jira. Shiga Outils, Options, Chargement/enregistrement, Général, ka mayar da "Toujours enregistrer sous" zuwa Word, ka yi haka ga Excel ma. Na biyu yana wannan shafin: ajiyar gaggawa da yake yi kowane minti 10, rage ta zuwa 3. A garin da wuta ke ɗaukewa ba sallama, ga batirin kwamfuta ta hannu da ba ya riƙe awa guda, minti 10 shafi ne sukutum. Takardar da za a buga kuwa, mayar da ita PDF tun daga gida, don kada layuka su zame a wata kwamfutar. Inda LibreOffice ke gazawa shi ne fayilolin Excel na ma'aikatu da ƙungiyoyi masu makro, wato umarnin da ake ɗaura wa fayil ya riƙa yin aiki da kansa. Mai irin wannan aikin ya sayi Office na gaske; Office 2024 sau ɗaya ake biyan sa.

Sauran ba su buƙatar dogon bayani: VLC don bidiyo da sauti, 7-Zip don buɗe zip da rar, SumatraPDF don karatu, PDF24 don haɗa takardu ko rage musu nauyi lokacin tura dosiyen neman aiki, GIMP don hoto, Audacity don gyaran murya. Mai rubuta Hausa ya ƙara da Keyman, shi ma kyauta, don samun ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, tunda allon AZERTY bai san da su ba. Maganin birus kuwa, Microsoft Defender da ke cikin Windows ya isa muddin yana samun sabuntawa. Ɗora masa wani na gwaji ba ya ƙara komai sai nauyi da tallar neman kuɗi.

Forfen intanet shi ma kuɗi ne. Da zarar ka haɗa kwamfuta da wayarka, Windows ya ɗauka ruwa ya samu, sai ya shiga sauke sabuntawa har forfen ya ƙare. Shiga Paramètres, Réseau et Internet, Wi-Fi, ka buɗe sunan wayarka, ka kunna Connexion limitée. Manyan sabuntawa ka bar su sai ka sami wifi, amma kada ka wuce wata guda ba ka yi ba. Manhajojin nan kuma sauke su sau ɗaya ka tara a kile. Gida guda zai iya amfani da su.

Kilen ne ma babbar hanyar cuta. Ka kai shi wurin buga takardu, ka dawo ka tarar duk dosiyoyinka sun koma gajerun hanyoyi masu ƴar kibiya. Kada ka danna ko ɗaya, danna su ne ke sakin birus ɗin cikin kwamfutarka. Kada kuma ka yi saurin goge kilen, domin kayanka na nan, ɓoye su aka yi. Fara bincika shi da Defender, sannan a cmd ka rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* kana mai sauya E da harafin kilenka. Dosiyoyin za su bayyana. Kwashe su, sannan ka wanke kilen gaba ɗaya.

Yanzu ragin farashi. Na gaske yakan zo ne a ƙarshen Nuwamba, lokacin Black Friday, kuma a shafin kamfanin da ya yi manhajar ake neman sa. Kafin ka yi murna, mayar da kuɗin zuwa sefa: yuro ɗaya 655.957 ne, ba ya motsi. Manhajar da ake biya yuro 10 a wata ta kusa jaka 79 a shekara, ban da abin da banki zai cire. Karanta ƙananan rubutun: sau da yawa ragin na shekarar farko ne, ta biyu a cire cikakken kuɗi daga katinka ba tare da an sake tambayar ka ba. Kashe renouvellement automatique a ranar da ka biya, kuma in da hali ka yi amfani da katin da ake zuba wa kuɗi, ka sa daidai abin da za a cire.

Lambobin lasisin Windows ko Office da ake tallatawa a WhatsApp kan ƴan jakkuna, yawancinsu na ma'aikatu ne da aka sayar wa mutum da yawa. Yau su yi aiki, gobe a toshe su, mai sayarwa kuma ya canza lamba. Arha ba ta ado. Haka ma tallar "na har abada" ga manhajar da kamfaninta ke sayarwa wata-wata: galibi asusun wani ne aka ba ka aro, kuma mai asusun na iya ganin abin da ka ajiye ciki.

Ɗaliban Jami'ar Abdou Moumouni ko ta Djibo Hamani da ke Tawa su gwada ƙofar ɗalibai kafin su taɓa aljihu. Autodesk yana ba da AutoCAD kyauta na shekara guda, ana kuma sabuntawa muddin ana karatu. GitHub ma yana da kunshin kayan aiki na masu koyon rubuta manhaja. Duka biyun sai da shaidar karatu, don haka ɗauki hoton katin ɗalibi ko takardar rajista ta bana, wanda suna da shekara suka fito sarai, kuma sunan da za ka cika ya zama daidai da na jikin takardar, harafi da harafi.