Yadda ake haɗa kambin ado na gansakuka a gida

Kambin ado zobe ne na ganye da ake ratayewa a ƙofa don kwalliya. Gansakukar da ake nufi a nan ba mai santsin nan ta bakin rijiya ko saman kududdufi ba ce. Ta tudu ake so, mai laushi kamar darduma, wadda ke fitowa a inuwa, kan duwatsu da kututturen itace. Ba ta da saiwar gaske, da jikinta take shan ruwa. Nau'in da ake kira sfagnum yakan riƙe ruwan da ya kai ninki 20 na nauyinsa idan ya bushe. Shi ya sa kambin da aka yi wa gindi da ita ke shayar da ganyen da aka soka masa, har ya yi makonni bai yi yaushi ba.

Za a buƙaci zoben waya mai layi biyu, faɗin santimita 30, da naɗin siririyar waya ta ɗauri, da filaya, da almakashi, da gansakuka cike da leda matsakaiciya, wajen kilo 1 idan tana da danshi. Idan tsinta za a yi, a ɗebi kaɗan nan kaɗan can, domin ba ta saurin tohowa. A baza ta kan jarida ta kwana ƙwari su fice, a tsince tsakuwa da ƙirare, a jiƙa a bokiti minti 10, sannan a matse har ta daina ɗiga.

Ɗaurin gindi shi ne aikin, sauran duk kwalliya ce. A murɗa bakin waya a jikin zobe sau uku ko huɗu, kuma kada a yanke ta sai an gama zagaye. A ɗebi gansakuka cikin tafin hannu, a dunƙule, a ɗora kan zobe koren yana sama, a naɗe da waya ana barin tazarar santimita 2 zuwa 3, ana ja da ƙarfi a kowane naɗi. Dunƙule na gaba ya hau kan na baya kaɗan don kada gaɓa ta fito. Kaurin da ake nema santimita 5 ne. A danna da babban yatsa: idan aka ji ƙarfen zobe, wurin yana son ƙari. Yawancin kambin da ke zubewa sakin waya ne ya jawo, saboda gansakuka na tsukewa idan ta fara bushewa, ɗaurin da ya yi kamar daidai yau sai ya yi sako-sako bayan kwana huɗu. Gara a matse fiye da yadda ido ke so.

A wannan matakin ma kambin ya isa a rataye, kuma sau da yawa ya fi kyau a haka. Mai son ganye ya yanko rassa masu tsawon santimita 12 zuwa 15 daga itacen da ganyensa ke jure bushewa, irin bishiyar turare. A fere gindinsu a karkace, a zage ganyen ƙasa, a haɗa uku-uku, a kwantar su duka suna fuskantar gefe ɗaya, kowane ƙulli yana rufe gindin wanda ya gabace shi. Na ƙarshe a cusa gindinsa ƙarƙashin na farko.

Don kwalliya, a yanka lemun zaƙi kaurin milimita 5, a busar a tanda mai zafin digiri 100 na awa 2 zuwa 3, ana juyawa. Idan bai bushe sarai ba zai yi fumfuna a kan danshin gansakuka. Shi da sandunan kirfa a ɗaure su da guntun waya, a soka ta ɓullo ta baya, a lanƙwasa bakin ciki don kada ya karce ƙofa. A kuma lulluɓe bayan kambin da yankin leda, in ba haka ba danshi zai ɓata fenti.

A rataye shi a inuwa mai sanyi, nesa da rana da murhu, a riƙa fesa masa ruwa duk bayan kwana 2 ko 3. Ruwan sama ya fi, don na famfo mai yawan gishirin ƙasa yakan dusar da koren. A waje cikin sanyi yakan kai mako 3 zuwa 4, a ɗaki mai ɗumi kuwa da ƙyar ya wuce mako guda. Idan ya bushe ƙayau, a cire lemun da kirfar, a kwantar da bayansa cikin faranti mai ruwa kaɗan na awa ɗaya, a bari ya tsane kafin a mayar.